Injin leza ɗaya zai iya yankan yadi, zane a gilashi da buga launi?

Tambaya: "Ni mai ɗinki ce, kuma ina so in faɗaɗa aikina. Burina in sayi injin leza guda ɗaya da zan riƙa yanka yadi da shi, in zana suna ko fure a jikin kofunan gilashi, in kuma buga hoto mai launi a kan riguna da gilashin. Na ga akwai na diyod, da na faiba, da na CO2. Wanne ya dace da ni, kuma me ya kamata in sani kafin in fara?"

Malama, a cikin ayyuka ukun da kika lissafa, biyu ne na leza, wato yankan yadi da zane a jikin gilashi, kuma injin da yake haɗa su duka shi ne na CO2. Na ukun, buga hoto mai launi, ba ya cikin aikin leza ko kaɗan, komai girman injin, kuma ko me mai sayarwa zai faɗa miki. Dalili kuwa shi ne leza ba ta ɗora komai a kan abin da ta taɓa, ragewa take yi. Haske ne mai ƙarfi da ake tattarawa ta cikin lensi zuwa ɗigo ɗaya wanda faɗinsa bai cika wuce kashi biyu cikin goma na milimita ba, sai wurin ya ɗauki zafin da zai sa ya narke, ko ya ƙone, ko ya tsage. Don haka duk wata tambaya a wannan sana'a tana komawa ne ga abu biyu: shin kayan da ke kan injin yana shan hasken ko hasken ratsa shi yake yi ya wuce, sannan idan ya sha zafin, mene ne halinsa.

Maganar shan haske ita ce ta raba injunan uku. Kowace leza tana da tsawon zangon haskenta, wanda ake aunawa da nanomita. Ta diyod, irin ƙananan nan da ake ɗorawa a kan teburi, shuɗin haske take fitarwa mai kimanin nanomita 450, kuma gilashi garai-garai barinsa yake yi ya wuce, farin yadi kuma ya mayar da mafi yawansa, shi ya sa mai diyod yake shan wahala idan ya zo yankan farin ƙyalle, kuma ba ya iya zane a gilashi sai ya fara shafe shi da baƙin fenti wanda zai kama zafin a madadinsa. Ta faiba tana kusa da nanomita 1064, kuma ƙarfe ne fagenta, ba yadi ko gilashi ba. Ita kuwa ta CO2, wadda Kumar Patel ya ƙirƙira a ɗakunan binciken Bell na Amurka a 1964, shekara huɗu bayan Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a duniya, zangonta nanomita 10,600 ne. Ido ba ya ganin wannan haske, amma gilashi yana shanye shi tun daga samansa, haka ma auduga da siliki da ulu da foliyesta, fari ne ko baƙi.

Bari in fara da yadi, tunda shi ne sana'arki ta asali, kuma a nan ne sanin da kike da shi tun da zai yi miki amfani fiye da littafin injin.

Yadin roba, kamar foliyesta da nailan, narkewa yake yi. Foliyesta yana narkewa a wajen digiri 250 zuwa 260 na ma'aunin Salshiyas, don haka yayin da hasken yake ratsa shi, bakin yankan yana narkewa ya sake daskarewa nan take, sai zaren ya like, ba zai sake warwarewa ba. Wannan ita ce babbar fa'idar leza a kan almakashi, kuma ita ce ta sa masu yin tutoci, da lambobin rigunan wasanni, da furannin da ake ɗorawa a kan sutura, da yadi mai huji-huji irin na leshi suka rungume ta. Sai dai fa'idar tana da iyaka. Idan wutar ta yi yawa ko tafiyar injin ta yi jinkiri, narkakken bakin yakan taru ya yi gefe mai tauri, wanda idan kika shafa shi da yatsa za ki ji yana karta, kuma idan ya faɗo a wuyan riga ko hammata, mai sanya ta ba zai jure ba. A ganina duk yankan da zai taɓa fata ya kamata a gwada shi a bayan hannu kafin a yanka sauran.

Auduga da lilin ba sa narkewa, ƙonewa suke yi. Bakin yankan yakan fito da ɗan ruwan ƙasa-ƙasa, musamman a farin yadi, yana da ƙaurin ƙonanniyar takarda, kuma bayan wanki zaren zai warware kamar yadda zai yi da a ce almakashi aka sa. Saboda haka kada ki yi wa kowa alkawarin cewa audugar da aka yanka da leza ba ta bukatar kalmasa. Abin da leza take ba ki a auduga shi ne daidaito da saurin maimaita siffa ɗaya sau ɗari ba tare da bambanci ba. Siliki da ulu suna yankuwa da kyau, amma suna fitar da ƙaurin ƙonannen gashi wanda yakan zauna a jikin yadin sai an shanya shi a iska. Yadin da aka haɗa auduga da foliyesta yana tsakiya, gwargwadon yawan foliyestan da ke cikinsa ne bakin zai like.

Ƙa'idar saiti a yadi ita ce gudu mai yawa da wuta kaɗan. Yadi siriri ne, ba ya bukatar ƙarfi, abin da yake ɓata shi shi ne daɗewar zafi a wuri ɗaya. Ana buɗe iskar da ke hurawa ta bakin lensi domin ta kore hayaƙi ta kashe harshen wuta, amma ba da ƙarfin da zai ɗaga yadin ba, domin da zarar yadi ya tashi ko ya yi lanƙwasa, ya fita daga inda hasken ya fi tsini, sai yankan ya yi faɗi a wani wuri ya kasa ratsawa a wani. Shi ya sa ake goge yadi kafin a shimfiɗa shi, ake kuma son faranti mai ramuka irin na saƙar zuma wanda iska take zuƙe yadin ta ƙasa ta manne shi. Farantin nan yana tara baƙin maiƙo, kuma idan ba a wanke shi ba, zai bar tabo a bayan farin yadi. Ban ba ki lambobin saiti ba da gangan, domin wat 60 na wani injin ba ya zama daidai da wat 60 na wani. Abin da ake yi shi ne a zana ƙananan murabba'ai a jere, kowanne da nasa gudu da wuta, a yanka su a guntun yadin da za a yi aiki da shi, sannan a zaɓi mafi ƙarancin wutar da ta ratsa sarai.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonki kada ki yi sassauci a kansa, wato nau'in robar da ake kira PVC. Da yawa daga cikin fatar roba da ake jakunkuna da kujeru da ita, da wasu tampol, da wasu ledojin da ake mannawa a riga da zafi, da PVC aka yi su, kuma idan leza ta ƙona shi yana fitar da iskar haidirojin kulorayid. Wannan iska tana haɗuwa da danshi ta zama asid, ta ƙona huhu da ido, ta kuma cinye ƙarafan injin da tsatsa cikin ɗan lokaci. Tawadar filastisol da ake yawan buga riguna da ita ta hanyar raga, wato a matsa tawada ta ratsa ramukan raga mai ɗauke da zanen, ita ma PVC ce, saboda haka ba a bi ta kan irin wannan bugu da leza. Idan kina shakkar wani kaya, akwai tsohon gwaji mai sauƙi da ake yi a fili inda iska take kaɗawa: a gasa bakin wayar jan ƙarfe har ta yi ja, a dangwala ta a jikin kayan ta ɗebo ɗan kaɗan, a mayar da ita cikin harshen wuta. Idan harshen ya koma kore shar, akwai kulorin, kada kayan ya hau injin. Fatar dabba da aka jeme da sinadarin kuromiyam ita ma a bar ta. Sannan yadi abu ne mai kama wuta, ba a kunna inji a fita ko da na minti ɗaya, kuma tukunyar kashe gobara ta CO2 ta kasance inda hannu zai kai.

Zane a kan yadi, ba yanka ba, yana kyau ne a yadi mai kauri ko mai gashi, kamar karan-miski da yadin bargo mai laushi, inda hasken yake kwantar da gashin ya bar siffa mai ɗan duhu. Amma inda ya fi burgewa shi ne jins. Shunin jins a bayan zare kawai yake zama, cikin zaren fari ne, don haka idan leza ta ɗauke wannan siririn shuni sai farin ya bayyana, har a iya fitar da hoto mai haske da inuwa. Kafin haka, ana koɗar da jins ne da feshin yashi, aikin da ya jawo wa ma'aikata da yawa cutar huhu ta ƙurar silika, har Turkiyya ta haramta shi a 2009, kamfanonin Levi's da H&M kuma suka sanar da daina shi a 2010. Kamfanin Jeanologia na Balensiya a Sifen yana cikin waɗanda suka yi fice wajen ƙera injunan leza na wannan aiki. A ƙaramin inji ma ana yi, sai dai a tuna cewa duk abin da aka ɗauke daga zare ƙarfinsa aka rage, kuma zanen da ya yi zurfi yakan yage bayan wanki kaɗan.

Gilashi kuwa halinsa daban ne gaba ɗaya. Leza ta CO2 ba ta sassaƙa shi yadda take sassaƙa katako. Abin da ke faruwa shi ne ɗigon da hasken ya taɓa yana yin zafi farat ɗaya ya buɗe, alhali kewayensa da sanyi, sai wurin ya yi 'yar ƙaramar tsaga, irin abin da ke samun kofi mai sanyi idan an kwarara masa tafasasshen ruwa, amma a wuri ƙanƙane ƙwarai. Dubban irin waɗannan tsagogi ne suke haɗuwa su ba da farin zanen nan mai kama da hazo. Wanda ya fahimci haka zai gane cewa ƙara wuta ba ya ƙara kyau, ɓarewa yake jawowa. Idan kika ɗaga kofin da aka cika wa wuta zuwa ga haske, za ki ga farin bai yi sumul ba, wani wuri ya ɓantare yana ƙyalli, kuma idan kika goga masa tsumma za ki ga 'yan ɓarɓashi masu walƙiya sun maƙale a jiki.

Dabarun gyara wannan duka na rage taruwar zafi ne. Ana mayar da baƙin da ke cikin zanen ya zama toka-toka, kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, domin injin ya riƙa barin ɗan fili tsakanin ɗigo da ɗigo. Ana rage cunkoson layuka zuwa wajen ɗigo 300 a inci maimakon 600. Wasu suna shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda siririya, ba tare da kumfar iska ko lanƙwasa ba, a kan wurin da za a zana, wasu kuma suna shafa sabulun ruwa siriri, kuma idan an sa takardar sai a kashe iskar bakin lensi don kada ta busar da ita kafin a gama. Bayan an gama a goge zanen da soso marar kaushi a ƙarƙashin ruwa kafin ya shiga hannun mai shi. Kofi da kwalba suna bukatar na'urar juyi wadda take mirgina su a hankali yayin da injin yake zane, kuma idan kofin sama ya fi ƙasa faɗi, dole a ɗaga gefe ɗaya har fuskar da za a zana ta kwanta daidai. Madubi kuma ta baya ake zana shi, a cire rufin azurfar, don haka sai an juya rubutun a kwamfuta tukuna.

Abin da yakan ba masu farawa mamaki shi ne gilashi na yau da kullum, wanda aka yi da yashi da soda da farar ƙasa, ya fi na alfarma karɓar leza. Yana buɗewa da zafi kusan ninki uku na gilashin borosiliket, irin wanda Otto Schott ya inganta a garin Jena na Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ake kayan ɗakin gwaji da shi, shi ya sa yake ba da fari mai kyau cikin sauƙi. Gilashin kiristal mai dalma yana riƙe zafi, yana iya tsagewa gaba ɗaya a kan injin. Gilashin da aka ƙarfafa, wato wanda aka gasa sama da digiri 600 aka sanyaya da iska da sauri, yana ɗauke da matsi a cikinsa, kuma rauni mai zurfi yana iya sa ya tarwatse ya zama tsakuwoyi, wani lokaci ba nan take ba. Ni ba na ba da shawarar mai farawa ya taɓa shi.

Yankan gilashi kuma ki cire shi daga lissafi. Injin CO2 na ƙaramar sana'a fasa shi zai yi. Har yau ana yanka gilashin taga ne da 'yar ƙaramar taya mai tauri wadda take jan layi a ɓalle, ko da injin ruwa mai matsi haɗe da yashi, manyan masana'antu kuma suna da leza ta musamman mai walƙiyar hasken da ta fi ƙiftawar ido gajarta nesa ba kusa ba. Hotunan nan da ake gani a tsakiyar dunƙulen kiristal su ma wata leza ce daban, yawanci koriya mai nanomita 532, wadda take ratsa saman ta tattara ƙarfinta a ciki. Idan wata rana aka nemi ki yi zane mai zurfi da santsi, hanyar ita ce ki yanka siffar a jikin takardar mannawa marar PVC da leza, sannan a yi feshin yashi a cikin rufaffen akwati.

Yanzu sai launi. A yadi, nau'in zaren ne yake zaɓar hanya. Farin foliyesta ko mai haske yana son bugun turiri, inda ake buga hoton a takarda ta musamman, a danna ta a jikin yadin da injin matsi a wajen digiri 200 na kusan minti ɗaya, tawadar ta zama tururi ta shige cikin zaren, ta yadda hannu ba ya jin komai a sama kuma wanki ba ya ɓare ta. Amma ba ta kama auduga, kuma babu farar tawada a cikinta, don haka ba ta fita a baƙin yadi. Auduga tana karɓar bugun kai-tsaye da firinta ta riguna, wanda a yadi mai duhu sai an fara fesa ruwan share fage an shimfiɗa farar tawada. Hanyar DTF, inda ake buga hoton a leda a barbaɗa masa garin gam a manna a wajen digiri 150 zuwa 160, tana kama kusan kowane yadi, shi ya sa nake ganin ta fi dacewa da mai ƙaramin aiki iri-iri, ko da yake hoton yana zama a saman yadin, kuma idan ya yi faɗi yana hana iska shiga. Bugun raga shi ne mafi dacewa idan zane ɗaya mai launi kaɗan za a maimaita a riguna masu yawa.

A gilashi matsalar ita ce tawada ba ta da inda za ta shiga. Bugun da ya fi kowanne daɗewa shi ne na fentin da aka haɗa da garin gilashi, wanda ake bugawa ta raga sannan a gasa a tanderu a wajen digiri 600, har ya narke ya zama ɓangaren gilashin. Baƙin gefen nan mai ɗige-ɗige da ke kewaye da gilashin gaban mota irinsa ne. Firinta mai busar da tawada da hasken UV tana ba da hoto mai cikakken launi nan take, amma sai an goge gilashin da sifirit an shafa masa sinadarin kamu, in ba haka ba farce ma zai ɓare hoton, kuma ko an yi hakan ba ya jure yawan wanki da ruwan zafi kamar gasasshe. Bugun turiri kuma ba ya kama gilashi tsirara, sai wanda aka riga aka lulluɓe da rufin foliyesta tun daga masana'anta. Ga masu gilashin shimfiɗe akwai wani ƙarin bayani: tun da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana hanyarsa a 1959, ana yin irin wannan gilashi ne ta hanyar kwarara shi a kan narkakkiyar kuza, don haka fuska ɗaya tana ɗauke da ɗan kuza, tana yin fari-fari a ƙarƙashin fitilar UV mai gajeren zango, kuma masu aiki da fentin da ake gasawa sun fi son ɗaya fuskar domin kuzar tana iya sauya launin.

Inda leza da bugu suke haɗuwa shi ne a yankan abin da aka riga aka buga. Ana fara bugun ne sannan a yanka, domin zafin injin matsi yana ɗan tsuke yadi, kuma idan an yanka tun farko, hoton ba zai zauna daidai da bakin ba. Injunan da suke da kyamara suna karanta alamomin da aka buga a gefen hoton su bi layinsa da kansu, kuma idan kina da niyyar yin rigunan wasanni ko bajoji, wannan kyamara ta cancanci a saka ta cikin lissafi tun ranar saye.

Ga aikin da kika bayyana, injin CO2 mai wat 60 zuwa 80 ya wadatar, kuma faɗin farantinsa ya fi yawan wat muhimmanci a wurinki, domin shi ne zai nuna girman ƙyallen da zai shiga ba tare da an naɗe shi ba. Ki tabbatar farantin yana sauka ƙasa sosai yadda na'urar juyi da kofi za su samu wuri, murfin yana kashe hasken da zarar an ɗaga shi, akwai fanka mai ƙarfi da bututun da zai fitar da hayaƙi waje, akwai kuma na'urar da za ta riƙe ruwan sanyaya bututun leza kusa da digiri 20. Lensi da madubai ukun da ke kai hasken suna bukatar gogewa a kai a kai, musamman bayan yankan foliyesta, domin hayaƙinsa yana barin danƙo, kuma lensi mai datti yana shan zafin da kansa har ya tsage. Na'urar bugun launi kuwa ki saye ta daban, bayan kin duba ko auduga ce ta fi yawa a cikin aikin da ake kawo miki ko foliyesta.